Yadda Zanena Suka Tsage

Gazara, ta Maƙarfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwani 'yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ki Legas lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ki sauka gidan Kawunki Isa a sa'a. Na sa wannan takarda a ƙasan akwatin kayan zanenki ne don na san ba za ki buɗe shi ba sai kin isa. Da baki na so in faɗa miki abin da ke ciki, amma kin san yanzu ba na iya doguwar magana, tari ke tsinke ta a tsakiya. Kuma tun ranar da baƙon nan na Abuja ya zo, ni da ke muka daina haɗa ido sosai. Muna cin tuwo a kwano ɗaya, muna zancen tsadar mota da kayan da za ki ɗauka, amma babu wadda ta ƙara ambaton ɗakin baya.

Ki fara sanin cewa ba laifinki ba ne. Ke dai kin ga tsofaffin hotunan da babanki ya ɗauki zanena lokacin suna sababbi, kika tura wa mutumin ta waya, ya ce zai zo ya gani da idonsa, in sun yi masa ya kai su inda ake baje kolin irinsu. Don ki faranta mini kika yi. Na ga yadda kika share tsakar gida, kika shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar darbejiya, kika aika aka sayo mazarƙwaila don ya tafi da ita tsaraba. Ni kuwa tun rasuwar babanki ban kwance zannuwan da na naɗe zanen da su ba. Nakan shiga ɗakin in ɗebi hatsi in fito, in gan su jingine da bango, in ɗauka suna nan yadda na bar su.

Kina tsaye aka kwance na farko, wato na kasuwar rake. Sararin saman da na yi alfahari da shi ya dare gida-gida kamar ƙasar fadama da rani, wasu wuraren ɓawon ya ɗago har ana hango ƙyalle. Na biyu haka, na uku ya fi su. Sai muka zo kan guda biyun da suka manne fuska da fuska. Kika kama ɗaya, na kama ɗaya, muka ja a hankali. Har yanzu ina jin ƙarar rabuwarsu a kunnena. Mutumin ya tsuguna ya daɗe yana kallo, bai taɓa ko ɗaya ba. Da ya miƙe sai ya ce, "Malama, hannunki mai kyau ne. Da ma na zo da wuri." Ya ci abinci, ya yi godiya, kika raka shi mota. Kin jima a zaure kafin ki shigo, na kuma san abin da ya tsayar da ke.

Duk shekarun da na yi ina koyar da zane a sakandare a Ikara, duk Asabar da Lahadin da na hana kaina hutu, duk bikin da na ƙi zuwa har aka riƙa cewa ina da girman kai, ga abin da suka zama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba gara ta ci su ba, ba ruwa ya zubo musu ba. Na san dalilin lalacewar kowane ɗaya, kuma tun ina 'yar makaranta aka faɗa mini shi.

Malaminmu na zane a kwaleji a Zariya, wani dattijo mai yawan shiru, yakan ce mana fentin mai ba ya bushewa yadda wanki ke bushewa. Wanki ruwa ne ke fita daga jikinsa. Shi kuwa mai iska yake sha, ya riƙa daskarewa sannu a hankali, kuma duk tsawon lokacin nan motsi yake yi, ya ɗan kumbura, daga baya ya tsuke. Shafin da ke da mai da yawa yana daɗewa bai kama jikinsa ba, in ma ya kama yana da laushi. Wanda mai ya yi masa kaɗan nan da nan yake bushewa, ya sandare. To in kika ɗora sandararre a kan wanda bai gama motsi ba, dole na saman ya tsage. Saboda haka marar maiƙo a ƙasa, mai maiƙo a sama, kowane shafi ya ɗara na ƙarƙashinsa mai ko da kaɗan ne. Na haddace wannan, na rubuta a jarrabawa, na ci. Na koyar da shi ga ɗalibai a allo. Amma da na rufe ƙofata na ɗauki buroshi sai na yi akasinsa.

Zanen kasuwar nan, na fara shi ne da fenti mai kauri, na tsiyaya masa man linsid, wannan ruwan ɗorawan man da masu zane ke saye a Zariya, don ina son yadda buroshi ke sulɓi a kai. Da Asabar ta zagayo na taɓa na ji saman ya bushe. Fata kawai ya yi, kamar ta saman kunu, cikinsa ɗanye ne. Ba ni da haƙurin jiran wani makon, ga shi hutu ya kusa ƙarewa. Tina, wato ruwan tsinka fenti, ta ƙare mini, Zariya da nisa, kananzir kuwa ga shi a kwalba kusa da fitila. Na tsinka shuɗi da shi, na shafa sama siriri, ya fito tas kamar sararin bayan ruwa. Babanki da ya gani ya ce har yana jin ƙamshin damina. Shekaru ya yi da kyaunsa, shi ya sa na ci gaba da yin haka a sauran. Wannan aiki ba ya nuna miki kuskurenki ranar da kika yi shi, sai kin riga kin maimaita shi a duk abin da kika mallaka.

Don haka ki saurare ni. Ba kya buƙatar tina, balle kananzir ko fetur, don ki sami shafin farko marar maiƙo. Ki matso fenti daga tub yadda yake, kada ki ƙara masa komai. In kin ga yana naso da mai, ki ajiye shi a kan kwali na ɗan lokaci, kwalin zai tsotse rarar. Ki ɗauki buroshi mai tauri, ki ɗebi kaɗan, ki goga shi da ƙarfi cikin ƙyallen kamar mai cuɗa ƙasan tukunya, har ya bazu siriri ana ganin saƙar. Inda kike son haske ki share da tsumma. Launukan ƙasa, irin ruwan makuba da ruwan ƙasa mai duhu, su suka fi saurin bushewa, da su za ki fara. Baƙi da fari mai kauri da ja mai haske suna da nawa, ki bar su sai sama. A shafi na biyu fentin tub ya isa, sai dai ki ɗan ƙara kauri. Sai a na uku za ki tsoma bakin buroshi a mai, ɗigo kawai. Kada ki wuce haka sai dole, domin in babu abin tsinkawa ba ki da wurin komawa baya, duk shafin da ya biyo sai ya fi na baya mai, kuma mai in ya yi yawa fenti yamushewa yake yi ya koma ruwan ɗorawa. Kafin ki ɗora wani shafi ki danna farcenki a gefe inda ba a gani. In ya shiga, ki ajiye buroshi ki nemi wani aikin. Legas gari ne mai laima, abin da zai bushe miki a nan cikin 'yan kwanaki can sai ya ninka.

Na ambaci kananzir, to bari in gaya miki sauran abin da ya yi mini. A rufe nake aiki, ƙofa da taga, don ƙura da kaji, da kuma don kada mai shigowa ya ga ina zana mutane ya fita da magana. Babanki yakan leƙo ya toshe hanci ya ce ɗakin nan ya fi garejin masu babur wari. Ni dariya nake yi, don na daina jin warin, na ɗauka sabo ne. Ban gane ba sai ranar da miya ta ƙone ƙurmus ina zaune kusa da murhu ina gyaran wake, sai da maƙwabciya ta yi sallama ta katanga ta tambaya ko lafiya. Daga nan ciwon kai, daga nan tari. Da aka kai ni asibiti a Zariya likitan ya tambaya ko da itace nake girki, na ce e. Ya ce sai me kuma nake shaƙa. Da na gaya masa sai ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni. Bai ce kananzir kaɗai ya jawo ba, ya ce hayaƙin murhu ma ya yi nasa, amma ya ce in ina son sauran numfashina in rabu da shi daga ranar. Na rabu da shi, sai dai abin da ya tafi bai dawo ba. Yau ban san ƙamshin turaren da na sa miki a kaya ba, launin kwalbar na duba na zaɓa.

Ke kuma ƙirjinki ba mai ƙarfi ba ne, kin sani. Tun kina rarrafe damina ba ta taɓa wucewa ba ki yi ta shaƙewa ba. Inda za ki yi aiki akwai wasu masu zanen, kuma ba za su bar tina saboda ke ba. Ki roƙi wuri kusa da taga tun ranar farko, kafin kunya ta kama ki. In babu taga, in kin ga kina komawa gida da ciwon kai, ki bar wurin, ko da sun ce ke ce gwanarsu. Wankin buroshi ma ba sai da tina ba. Ki share shi da tsumma, ki tsoma a man girki ki sake sharewa har fentin ya saki, sannan ki wanke da sabulu da ruwa har kumfa ta fito fara. Tsummokin da suka sha man linsid kada ki tara su a dunƙule. Na taɓa cusa nawa a kwali na bari a rana, da la'asar na ga hayaƙi na tashi ba wanda ya kusance su da wuta. Ki baza su a fili su bushe, ko ki jiƙa su a bokiti.

Na ce man girki don wanki, ki lura, don wanki kawai, kuma sai kin fitar da shi tas da sabulu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo, don na yi shi ne a lokacin da nake ganin na yi hankali.

Bayan na bar kananzir na ƙudurta zan zana babanki. Bai taɓa yarda ba sai a wancan lokacin. Na ce a wurin matsar rake nake son shi, tsaye kusa da kaskon mazarƙwaila da ludayinsa, yadda na fara ganinsa. Ya riƙa tsayawa mini bayan la'asar yana ƙorafi, wai ƙafarsa ta gaji, wai mutane za su ce matarsa ta mai da shi gunki. Shafin farko na yi shi daidai, siriri, ba mai. Na biyu ma haka. Da na zo na ƙarshe, inda zan fito da fuska da hasken da ke kan goshinsa, sai na tarar kwalbar linsid ta ƙafe. Lokacin rake ne, ba mai zuwa Zariya, ni kuma ina tsoron in na jinkirta zai ce ya fasa. Gwaggonki Lami ta aiko mana da man gyaɗa sabon matsa, garau da shi. Na ce a raina ai mai mai ne, kuma ga shi a sama zan sa, ban karya ƙa'ida ba. Na gauraya, na gama fuskar a yini ɗaya. Ban taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba. Ya tsaya ya kalle ta, ya ce, "Ashe haka na tsufa, Rakiya?" Sai ya yi murmushi ya fita.

Man gyaɗa ba ya bushewa, Uwani. Ba kowane mai ke shan iska ya daskare ba. Na jira wata, na jira damina ta wuce, fuskar tana nan danƙo-danƙo. Ƙura ta hau, ƙananan ƙwari suka maƙale, kiyashi suka yi hanya ta kan kafaɗarsa. Na fitar da shi rana sai fentin ya fara zamewa ƙasa. Na ce zan kankare in sake in ya sami sarari ya tsaya mini. Sai ciwon nan ya kwantar da shi, bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Bayan arba'in na rasa ƙarfin kallon zanen, na jingina wani na gonar dawa a fuskarsa, na naɗe su tare. Su ne biyun da muka ja. Abin da ya biyo bayan gonar dawar nan ya ɓare, fuskar babanki ce. Ban sani ba ko kin gane a lokacin. Ina jin kin gane.

Kada ki sa wa fenti man da ba ki tabbatar da shi ba. In wani ya kawo miki sabo ya ce yana yi, ki ɗiga shi a kan gilashi ki ajiye, ki ga ko zai yi fata. In abin aiki ya ƙare, aikin ya tsaya. Kuma kada ki taɓa jingina zane fuska da fuska, kada ki naɗe shi ki manta a ɗakin kwano mai zafi. Ki riƙa dubawa, ko da duban zai ɓata miki rai.

Gwaggonki Lami ta zo washegarin tafiyar baƙon, kina kasuwa. Labari ya riga ya kai mata. Ta shiga ɗakin ta duba, ta fito ta zauna kusa da ni, ta ce, ba da faɗa ba, "Rakiya, ni dai ina ganin ishara ce. An sha gaya miki mai rai ba a zana shi." Na ce mata, "Yaya, na gonakin ma da babu ko akuya a ciki sun tsage. Kananzir ne, da gaggawa." Ban ambaci man gyaɗarta ba. Ta ce Allah Ya sa haka ne, ta kama hannuna ta riƙe. Na ba ta amsa kamar mai tabbaci, amma bayan ta tafi na daɗe zaune ina juya maganar. Ba wai na yarda da ita ba ne. Kawai dai in mutum ya waiga ya ga babu abin da ya tsaya daga aikin hannunsa, kowace irin magana tana samun wurin zama a zuciyarsa.

Akwai ƙananan na farko-farko da ba mu ma kai ga kwance su ba, na duba su ni kaɗai. Su a kan akoko na yi su kai tsaye ban share fage da farin jeso ba. Man ya shiga zaren ya cinye shi, yanzu in kin taɓa sai ya ruguje kamar busasshen ganye. Kada mai ya taɓa ƙyalle tsirara. Wannan kam kin sani, na ga kina yi daidai.

Ba zan ɓoye miki ba, ban san ko wannan sana'a za ta riƙe ki ba. Sau da yawa na so in ce ki zauna ki nemi koyarwa a Kudan ko Ikara, ki bar zane ya zama abin sha'awa. Na yi shiru ne don na tuna yadda na ji lokacin da aka faɗa mini haka. Kuma ban san ko wannan takarda za ta yi amfani ba. Ni ma an gaya mini, da bakin wanda ya fi ni sani, ban ji ba. Can za su ce miki mai aiki yana so jibi, za ki taɓa ki ji saman ya bushe, za ki ga kowa yana ɗorawa yana miƙawa, kuma babu wanda zai dawo ya kama ki, don tsagewar sai bayan shekaru. In aikin gaggawa ne ki ce za ki yi da fentin ruwa mai saurin bushewa, ba abin kunya ba ne. Amma in kin ɗauki na mai, ki ba shi lokacinsa. Ba ni da abin da zan nuna miki in ce ki yi kamar wannan. Abin da nake da shi kawai shi ne ɗaki cike da yadda ba a yi.

Shekaranjiya da kika tafi sallama da dangi a Nasarawan Doya, na ɗauko wani guntun katako da kika shafa wa jeso kika bari. Na zauna a tsakar gida, a fili, na matso ragowar fenti ruwan ƙasa daga wani tsohon tub. Na goga shi siriri, ba mai, ba komai. Bakin rafinmu ne ta wajen gonar rake, ba kowa a ciki. Na riƙa tsayawa ina hutawa, layukan ba su miƙe ba. Amma shafin ya kwanta yadda ya kamata, karo na farko ba tare da ina sauri ba. Na kai shi ɗakina na jingina a inda iska ke shiga, fuskarsa a buɗe. Ba na jin zan iya yi masa na biyu, ƙananan abubuwa sun fi ƙarfin yatsuna yanzu. Ban sa miki shi a kaya ba. Duk ranar da Allah Ya dawo da ke, ko kin same ni ko ba ki same ni ba, za ki tarar ya bushe har ciki. Kina iya ɗorawa a kai, ba zai tsage miki ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki yi wa Kawunki da iyalinsa biyayya, ki gaishe mini da su da kyau. Kada maganin shaƙarki ya yi nisa da jakarki. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ke ma ki yafe mini. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki lafiyar ƙirji da haƙurin da ban samu ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya jiƙan babanki, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Rakiya.